Abin da Na Karanta a Bangon Orvieto

Laraba. Aikin farko: tsince tuffar da iska ta kaɗo a bayan gida kafin rina su riga ni. Na tsince. Rabi ya riga ya ruɓe.

Rodica, sanyin idona, ruwan rijiyarmu a tsakiyar zafi, ƙanshin ciyawar da aka yanka da sassafe, zumar da ba a gauraya ta da komai ba. Matata, uwar 'yata, wadda na sani tun tana ɗaure gashinta da zaren buhu tana kora agwagin gidansu zuwa rafi. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya saba gaida kujerar da ba kowa a kanta.

Na yago waɗannan shafuka daga littafin da nake rubuta al'amuran yini, domin a waya harshena nauyi yake yi. Jiya da kika kira kina kuka, kika ce an kwantar da Nonna Assunta, tsohuwar da kike kula da ita, a asibiti da ciwon huhu, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya sauwaƙe." Kika yi shiru. Na san irin wannan shirun naki. Auna maganar kike yi, kina duba ko daga ƙirji ta fito ko daga leɓe. Ni ma tun jiya nake aunawa, kuma har yanzu ma'aunin bai tsaya ba.

Kin tafi Italiya ne don shekara biyu, mu samu abin yi wa gida rufi. An yi rufin, har ya fara tsatsa ta gefen da ruwa ke bugawa. Shekara tara ke nan kina kwana a ɗakin da ke jikin na wannan tsohuwa a Trevi, kina juya ta, kina wanke ta, kina kiranta Nonna, kaka, kamar jini ɗaya ya haɗa ku. Ni kuma a nan ina yanke wa mahaifiyarki, Mama Profira, farce, ina tuƙa mata tuwon masara mai ruwa-ruwa saboda ba ta da haƙori. Ba gori nake yi ba. Ko kuwa gorin ne? Na sake karanta layin, na kasa tantancewa, don haka na bar shi yadda yake.

Shamuwar da ke kan falwayar gaban coci ta tafi tun kafin a buɗe makarantu. Ba ta yi wa kowa alkawari ba, ba ta sa hannu a wata takarda ba, amma duk ƙauyen nan babu mai shakkar cewa da ƙanƙara ta narke za ta dawo kan tsohuwar sheƙarta. Tsuntsuwa ke nan, mai ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar wake. Ke fa, kurciyata? Wace iska zan jira ta kaɗo ki? Wane wata zan zauna a bakin ƙofa in ce yau ne?

Shi ya sa na ɗora dukkan burina a kan hutun nan na Agusta. Kin san halina. Tun cikin hunturu na shimfiɗa taswira a teburin kicin, na jera garuruwan kamar yadda nake jera jiragen ƙasan da ke bi ta tasharmu: Perugia, Gubbio, Siena, Orvieto, kowanne da safiyarsa da yammacinsa, da inda za a ajiye mota, da cocin da ake rufewa da rana. 'Yarmu Ilinca ta riƙa leƙowa ta kafaɗata tana cewa, "Baba, hutu za mu je ko yaƙi?" Abin da ban zana a taswirar ba shi ne ke a kujerar gaba, kin tuɓe takalmi, kina cewa na ɓata hanya alhali ban ɓata ba. Na kuma tanadi magana guda ɗaya. Na ce a ɗaya daga cikin garuruwan nan na kan tudu, inda iska ke da sanyi kuma ba mai sauri, zan kama hannunki in ce ya isa haka, ki biyo mu gida.

Da muka isa ƙofar gidan a Trevi kika fito da gudu kika rungume mu, na ji ƙanshin sabulun da ba irin namu ba. A bayanki akwai akwati biyu da keken guragu a naɗe. Matar da za ta riƙe miki aiki ba ta zo ba, ɗan tsohuwar kuwa ya kwashi iyalinsa sun tafi bakin teku kamar kowa a watan nan. Kika ce, "Traian, kada ka ɓata fuska. Ba ta da nauyi, kamar jaririya ce." Tsohuwar ta dube ni daga sama har ƙasa, ta juya ta ce miki, "Wannan ne? Yadda kike ba da labarinsa na ɗauka sai ya sunkuya kafin ya shigo ƙofa."

Haka aka yi hutun iyalin da na yi hunturu guda ina shiryawa. Ilinca a gaba, ke da Nonna a baya, ni ina satar rabin fuskarki a madubi. A masauki ɗakinki ɗaya da ita, saboda takan nemi ruwa, ni da 'yata kuma a ɗaya ɗakin kamar 'yan rakiyar amarya. Wanda ya gina garuruwan nan bai taɓa tura keke ba. Kowane titi matakala ne da ya yi shigar titi, kowane dutse a goge yake da tafin ƙafar matattu, ga rana tana dukan ƙeya. Ina turawa, gumi yana shiga mini ido, Nonna tana buga hannun keken tana cewa, "Tura, ɗan samari. Jakin babana ya fi ka zuciya, kuma shi ba ya huci haka." Ilinca ta ce, "Baba, in mun koma gida ka ajiye aikin tasha ka shiga dako, ka samu sana'a." Kika yi dariya har kika dafa bango. Dariyar nan da nake jin ƙishirwarta kamar yadda gona ke jin ƙishirwar ruwan farko, ga ta a gabana, amma ba ni na jawo ta ba, a kaina aka yi ta.

Sai maganar bango. Ki tuna, ba ni na fara ba. A Perugia ne, a gefen kasuwa, inda ake manna sanarwar mutuwa, fararen takardun nan masu baƙin layi a kewaye, suna da manyan haruffa, shekaru a ƙarƙashi. Nonna ta ce in tsaya. "Kai da ka yi shekaru kana ɗora bulo a Torino ai ka iya karatunmu. Karanta mini, idona ya riga ni mutuwa."

Na karanta. "Saba'in da tara."

"Ayya, yarinya ƙarama. Ko taba ce ta kashe ta, ko miji."

"Tamanin da huɗu."

"Rago. Bai yi ƙoƙari ba."

"Casa'in da takwas."

Ta gyaɗa kai. "Yawwa, wannan ta ci man zaitun na kirki. Uwata ta haura ɗari, kuma ranar da ta mutu ita ta murza wa kanta taliya."

Muka yi dariya dukkanmu, har da ni. Nonna tana da tamanin da shida. A daren jiyan ranar kin gaya mini, kina ninke mata riguna ba tare da kin dube ni ba, cewa kin yi mata alkawari ba za a kai ta gidan tsofaffi ba muddin kina numfashi, kuma ba za ki bar ta ba sai ta rufe ido.

Daga ranar ban ƙara ganin garuruwan ba. Ku kuna ɗaga kai kuna kallon hasumiya da zanen waliyyai a rufin coci, ni idona yana neman bango. In an tambaye ni yau yaya Siena take, abin da zan iya faɗa shi ne akwai wata da ta kai casa'in da shida a kusa da inda muka sha kofi. Mutanen tudun nan ba sa mutuwa, Rodica. Bushewa suke yi a hankali kamar itacen zaitun ɗinsu, in an ce ya mutu sai ya fitar da sabon reshe.

A Gubbio kaɗai na same ki, kuma bai kai tsawon shan shayi ba. Da tsakar rana Nonna ta yi barci a inuwar wani coci, Ilinca ta zauna kusa da ita tana danna waya, kika ja ni muka gangara wani lungu. Akwai ɓaure da ya leƙo ta saman katanga, 'ya'yansa sun nuna har sun tsage. Kika ce, "Ɗaga ni." Na ce na mutane ne. Kika ce, "Abin da ya leƙo hanya na mai bin hanya ne. Ɗaga ni, matsoraci." Na ɗaga ki. Kin fi yadda na san ki rashin nauyi, kamar rabinki ya zube a wani wuri ban sani ba. Kika tsinko, kika raba, kika sa mini a baki, kika share mini haɓa da babban yatsanki, kika kira ni da sunan nan da ba mai kirana da shi sai ke, da harshenmu, da karin maganar ƙauyenmu. A wannan ɗan lokaci duk shekarun nan suka narke kamar ƙanƙarar ƙarshen hunturu a kan rufi. Ke ce yarinyar da na gani a gidan rawa da jan ɗankwali, ke ce damina, ke ce kaka, ke ce burodin da aka fitar daga tanda yanzu. Na buɗe baki zan faɗi maganar da na tanada. Ƙararrawar coci ta buga. Kika zame daga hannuna, kika ce, "Lokacin maganinta ya yi," kika haura lungun da gudu. Na tsaya da ɓaure a baki. Har yau in na tuna zaƙinsa sai maƙogwarona ya yi ɗaci.

Akwai abin da ba ki gani ba a Siena, ni na gani. Da safe Ilinca ta zo ƙofar ɗakinku za ta ari abin taje kai, ta same ki kina taje wa Nonna farin gashinta, kina kitsa shi a hankali kina yi mata waƙa. Ta tsaya tana kallo, sannan ta juya ba tare da ta ari komai ba. Yarinyar nan a waya ta koyi kitso, da madubi biyu. Kafin ta koya ni nake yi mata, kuma an sha yi mata dariya a makaranta saboda aikin hannuna. Shekararta goma sha bakwai yanzu. Na tambaye ta me ya faru, ta ce, "Ba komai, Baba. Mama tana aiki."

Sai Orvieto, ranar ƙarshe. Kin shiga wani kanti nemo wa Nonna ruwa, Ilinca ta bi ki, aka bar ni da keken a gefen titi, tsohuwar tana gyangyaɗi. Ga bango a gabana, gam ɗinsa bai ma bushe ba. Wata mata, ɗari da ɗaya. Na tsaya ina cire tamanin da shida daga ciki, abin da ya rage ina ɗora shi a kan shekaruna, sannan a kan naki, sannan a kan na Ilinca, sannan a kan na Mama Profira, wadda na san ba za ta kai ƙarshen lissafin ba. Leɓuna suna motsi, yatsuna suna lanƙwashewa a jikin wandona. Ban ji zuwanki ba.

"Nawa ka samu, Traian?"

Na ce karatu kawai nake yi.

"Na san ka da lissafin jirage. Ban san har da na mutane kake yi ba."

Ba da faɗa kika faɗa ba. Da kin yi faɗa da na samu sauƙi. Labarin zuciya a tambayi fuska, kin tambaya kuma ta ba ki amsa. Kika cire hannuwana daga kan keken ɗaya bayan ɗaya, kika tura shi da kanki har saman tudun, jijiyoyin wuyanki sun tashi, ba ki waiwayo ba. Na bi ku a baya riƙe da gorar ruwa. An ce babban cocin garin yana da fuskar zinariya da ke ƙyalli da yamma. Ban gani ba. Bayanki nake kallo.

Ban roƙi Allah ya ɗauke ta ba. Ina so ki san wannan, ko da ba ki yarda da sauran ba. Ma'aikacin tasha ne ni, duk rayuwata in na ga layin dogo sai na tambayi yaushe jirgi zai iso. Ke kika ɗaura ranar dawowarki a wuyan mutuwarta, ba ni ba. To koya mini, ya ke zinariyata, ta yaya mutum zai yi begen ɗaya bai yi begen ɗayar ba? Ta yaya zan jira ruwan sama in ce ban son hadari? Kin miƙa mini igiya mai baki biyu a ɗaure, kin ce in ja wannan bakin kada wancan ya motsa. Na gwada. Wallahi na gwada. Wataƙila wani mijin da ya fi ni tsarkin zuciya zai iya. Ni abin da aka ba ni ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ina son tsohuwar nan. Da safen da za mu taho, ina ɗaure kaya, ta kama hannun rigata ta jawo ni ƙasa kusa da bakinta. Ashe ba barci take yi ba a Orvieto. Ta ce, "Ɗan samari, aronta na yi. Zan maido maka da ita, kada ka yi gaggawa. Mu mutanen tudu ba ma cin kayan aro, jinkiri ne kawai halinmu." Ta tura mini kwalbar man zaitun a hammata, ta ce in riƙa sha da safe don in daɗe. Ke kuma kika sumbaci Ilinca, kika miƙo mini kunci. Kunci, Rodica. Maganar da na ɗauko daga gida na komo da ita gida, ba a buɗe ta ba.

Yanzu ga inda muke. In Nonna ta tashi, ta koma kujerarta a bakin taga tana zagin masu wucewa, to sai in ci gaba da gaida kujera har Ilinca ta yi aure, har Mama Profira ta tafi a hannuna tana kiran sunanki. In kuma ba ta tashi ba, za ki sauko daga bas a bakin tasharmu da baƙaƙen kaya, ki dubi fuskata ki nemi murna a ciki. Kuma za ki samu. Ba zan iya ɓoye ta ba, kamar yadda gona ba ta iya ɓoye cewa an yi ruwa. Za ki gani, ki tuna bangon nan, ki shiga gida ki kwanta kusa da mutumin da ba za ki yafe wa ba. Kowace hanya na bi, rasa ki nake yi. Wannan wane irin so ne, da samunsa asara, rashinsa asara?

Kafin ki ajiye waya jiya kin ce in je cocinmu in kunna mata kyandir. Sannan kika ƙara da cewa, "A akwatin masu rai, Traian." Tun ina riƙe da gefen siket ɗin uwata na san wanne ne akwatin da ake kafa kyandir don masu rai, wanne ne na matattu. Shekara ashirin da aurenmu kina aikena kunna kyandir, ba ki taɓa gaya mini gefe ba sai jiya. Na zauna a kan matakalar gida da wayar a hannu har shanu suka dawo daga kiwo.

To ga maganar da na kasa faɗa a ƙarƙashin ɓaure, na ɗan gyara ta. Ki zauna da ita har ta warke. Ki ba ta miya da cokali, ki kitsa mata gashi, ban hana ba. Amma in ta warke, ki nemo mata mace mai tausayi, ki koya mata yadda take son matashin kanta, ki sumbaci hannunta, ki taho. Ki dawo tun tana da rai, Rodica. Ki dawo da ƙafarki, ba da izinin mutuwa ba. Ki bar ni in yi murnar ganinki ba tare da an binne wani don in yi ta ba. Za ki ce kin yi mata alkawari. Na sani. Ni ma kin yi mini, a gaban Fada, limamin cocinmu, da dukan ƙauyen nan, da kambin aure a kawunanmu, kuma nawa ya riga nata. Ba na cewa nawa ya fi nauyi. Cewa nake yi ni ma ina tsufa, sai dai nawa tsufan ba ya tari, shi ya sa ba kya jin sa daga can.

Ina zaton na san amsarki. Duk da haka na rubuta, don kada wata rana ki ce ban taɓa roƙo ba.

Ko kin zo ko ba ki zo ba, ba ni da wata sai ke, ban kuma iya son wata ba, na tsufa da koyon sabon abu. Gefenki na gado yana nan, ba na haurawa. Naki ne ni da daɗi da ɗaci, da kyakkyawan tunanina da mummunan, har ranar da za a ɗora mini ƙasa.

Mijinki,
Traian

Gobe, Alhamis:

– Fasa sauran itacen hunturu. Gatari yana son wasawa.
– Maganin hawan jinin Mama Profira ya kusa ƙarewa.
– Takalmin makarantar Ilinca. Ta ce ba sai na raka ta ba.
– Tsinkar inabi, in ruwa bai sauko ba.
– Gidan waya, in ban yaga wannan ba.
– Coci. Kyandir ɗaya, akwatin masu rai. In tsaya a kansa har ya ƙone, kada iska ta kashe shi in ce ba ni ba ne.